Kwabon tagulla na Nabatawa yana fitar da koren gari, ya zan yi?

Baban Hafsa: Salamu alaikum, don Allah a taimaka. Ina da kwabon tagulla na Sarki Harisata na huɗu, wanda ya mulki Petra, a ƙasar Jodan ta yau, daga shekara ta 9 kafin Miladiyya zuwa 40 Miladiyya, lokacin da Nabatawa ke riƙe da hanyar fataucin turare har Mada'in Salih. Faɗinsa milimita 18, nauyinsa giram 4. A gaba kan sarki da na sarauniya a jere, a baya ƙaho biyu a gicciye. Tun shigowar damina koren gari ke fitowa a gefensa, in na goge ya dawo. Na shafa man zaitun, bai daina ba.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ciwon tagulla ne. Gishirin kuloraid da ke cikin ƙarfen ke haɗuwa da laima ya zama asid, yana cinsa daga ciki. Man zaitun rufe shi kawai yake yi. Wanke man da asitun, sinadarin da ke narkar da maiƙo, ka kankare garin da tsinken sakace. Sai ka jiƙa shi a tataccen ruwa mililita 100 da giram 5 na haɗin sodan wanki da bakar soda, rabi da rabi. Canza ruwan duk mako. Ban da ruwan famfo. In ya bushe sarai, saka shi a kwalba mai murfi da silika jel mai tsotse laima.

Maman Khalil: Wannan haɗin ai kanwa ce, ya saya a kasuwa mana.

Injiniya: Hajiya, kanwar kasuwa akwai gishiri a ciki, cutar zai ƙara masa.

Ɗan Birni: Jiƙon nan yana iya cinye tsohuwar fatar kwabon, darajarsa ta faɗi. Benzotirayazol, sinadarin hana tsatsar tagulla, kashi 3 cikin ɗari a etanol ya fi, da safar hannu. Kuma dillalai sun ɓata harkar, su manna jan yashi da gam su ce ƙasar hamada ce, ramuka na ɓoye a ƙasa.

Injiniya: Benzotirayazol ba ya fitar da gishirin. A jiƙa tukuna. Malam, wa ma ya ce na Harisata ne? Sarki Maliku na biyu ya buga irinsa da sarauniyarsa Shaƙilat, haka Rabbel na biyu da Gamilat kafin Rumawa su karɓe ƙasar a shekara ta 106 Miladiyya. Layin rubutu na sama tsakanin ƙahonin, mai sunan sarki, shi ke raba gardama. A ina kake ajiye shi, leda mai laushi?

Baban Hafsa: Mai sayarwar ne ya faɗa, kuma ya san aikinsa. Man zaitun kuwa masu tara kwabbai da yawa suna amfani da shi. Ni dai ina tsoron sa shi a ruwa.

Ɗan Birni: Ya ba ka takardar asalinsa? Dokar Jodan ta hana fitar da kayan tarihi.

Injiniya: Turo hoton bayansa, da haske daga gefe.

Baban Hafsa: Bari in ƙara masa man na mako guda mu gani.