Finafinan da aka ba da shawarar kallo a kan wasan kurket

Da aka nemi shawara kan finafinan wasan kurket da ya kamata a kalla, yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun ga ya fi dacewa sabon shiga ya fara da Lagaan, fim ɗin Indiya na 2001 wanda Aamir Khan ya fito a cikinsa, domin ƙauyawan labarin su ma koyon wasan suke yi, saboda haka mai kallo yana fahimtar dokokinsa tare da su, ko da yake tsawonsa ya haura sa'o'i uku. Masu son tarihi zalla sun fifita Fire in Babylon na 2010, wanda ya bibiyi yadda tawagar West Indies, wato haɗakar ƙasashen yankin Caribbean, ta gagari kowa a shekarun 1970 da 1980. An kuma ambaci fim ɗin 83, kan nasarar Indiya a gasar kofin duniya ta 1983.