Wane mai ne ya karɓi gashinki, wanne ya ƙi?

Maman Ilham

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau da safe na kwashe kwalaben da ke gaban madubina don in goge ƙura, sai na ƙirga man gashi har bakwai. Man kwakwa, man zaitun, man zurma, man habbatus sauda, man kaɗanya a ɗan gwangwani, da wasu biyu da ban ma san abin da ke cikinsu ba, hoton ganye kawai na gani a jiki na saya. Duk da haka in na taje kai sai matajin ya cika, kuma kwana biyu bayan wanki gashin ya koma kamar soson wanka. Ba talla nake nema ba, don Allah kada wata ta ce in same ta a waya. Wadda ta riƙe mai ɗaya har wata uku ko fiye, ta faɗa mana yadda gashinta yake, yadda take shafawa, da abin da idonta ya gani.

Anti Balaraba

Wa alaikumus salam. Kafin mu shiga zancen mai, ƙanwata, je ki ɗauko matajin nan ki zare abin da ke jiki, ki baza a kan farar takarda. In kin ga dogayen sili masu ɗan farin ɗigo a gindi, daga tushe suka fito, wannan zubewa ce. In kuma gajejjeru ne gutsi-gutsi babu ɗigon, karyewa ce. Na yi shekaru ina haɗa su wuri ɗaya, ina ta sayen maganin zubewa alhali nawa karyewa yake yi.

Abin da ya tsayar min da ita man kwakwa ne, amma sai da na canja lokacin shafawa. Da can bayan wanki nake labta shi. Yanzu tun daren da zan wanke da safe nake raba gashin gida huɗu, in murza ɗan kaɗan a tafin hannu har ya narke, in bi kowane kashi daga tsakiya zuwa baki, in ɗaure. Fatar kai ba na taɓa ta da shi. Da safe in wanke da shamfu. A wanki na huɗu ne na lura ruwan da ke gangarowa ba ya tafe da gutsattsarin nan kamar da.

Rukayya

Anti, abin da kika gano da hannunki akwai binciken da ya goyi bayansa. A 2003 an gwada man kwakwa da man furen rana da man ma'adinai irin wanda ake tacewa daga ɗanyen fetur, don a ga wanne ke rage asarar furotin daga silin gashi. Man kwakwa kaɗai ya rage ta sosai. Dalili shi ne kusan rabinsa sinadarin lorik asid ne, ƙwayarsa ƙarama ce kuma miƙaƙƙiya, tana iya kutsawa cikin silin maimakon ta tsaya a waje. Gashi in ya sha ruwa kumbura yake yi, in ya bushe ya tsuke, wannan kai da komowar ce ke gajiyar da shi har ya tsage. In mai ya riga ruwa shiga, kumburin sai ya ragu. Shi ya sa shafawa kafin wanki ta fi ma'ana. Man alayyadi ma yana da wannan sinadarin da yawa, ga wadda ƙamshinsa bai dame ta ba. Ni dai ya dame ni.

Zainabu

To ni ku yi min uzuri, man kwakwa bai karɓe ni ba ko kaɗan. Gashina irin mai tsananin murɗewa ne, cike kuma da kauri. Na shafa shi wata biyu lokacin sanyi, gashin ya yi tauri har in na matsa sai in ji yana ƙas-ƙas a hannuna kamar busasshiyar ciyawa. Daga baya na kula kwalbar kanta daskarewa take yi da sanyin safe, don da zarar zafi ya sauka ƙasa da digiri 24 man kwakwa ya fara sandarewa. Na ce abin da ya faru a kwalba ai shi ke faruwa a kaina.

Wata mai gyaran gashi ce ta tambaye ni, "In za ki shafa mai, kanki a jiƙe yake ko a bushe?" Na ce a bushe mana. Ta yi dariya ta ce to me kike rufewa a ciki? Mai ba ya kawo laima, tare ta yake yi kada ta gudu. Tun ranar nake fesa ruwa tukuna har gashin ya yi laushi, sannan in narka man kaɗanya kamar girman ƙwayar wake a hannu in bi da shi. Kwana huɗu zuwa biyar yana nan da taushinsa. Kwakwar kuwa na mayar da ita ta shafa ƙafa.

Anti Balaraba

Zainabu, ba ki yi ƙarya ba. Ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya ma haka ya yi mata. Ni ma in sanyi ya yi tsanani ba na barinsa ya wuce dare ɗaya a kaina.

Hajiya Mairo

Bari in shigo da nawa, ko wata za ta tsira daga wahalar da na sha. Amosanin kai ya dame ni kusan shekara biyu. In na cire ɗankwali sai in ga fari-fari a kafaɗa, ga ƙaiƙayi har cikin salla hankalina ba ya kwanciya. A tunanina fatar ce ta bushe, saboda haka kowane dare sai in tsaga gashin layi-layi in ɗiga man zaitun in murza. Washegari ɓawon ya kwanta, in ce alhamdulillahi ya yi aiki. Bayan kwana uku ya dawo ya fi na da, har bayan kunne ya fara ja yana ɓarewa.

Likitan fata da na je wurinsa ya duba, tambayar farko da ya yi ita ce me nake shafawa. Da na ce zaitun sai ya ajiye biro. Ya ce amosani irin nawa yana da alaƙa da wata ƙwayar naman gwari mai suna Malasiziya da ke zaune a fatar kowa, kuma abincinta maiƙo ne. Wato shekara biyu ina ciyar da abin da nake yaƙi da shi. Ya rubuta min shamfu mai ketokonazol, maganin da ke kashe wannan ƙwayar, ya ce in bar kumfar ta yi minti biyar kafin in ɗauraye, kuma in daina kai kowane irin mai fatar kai. Cikin wata guda ƙaiƙayin ya lafa. Har yanzu ina son zaitun, yana sa bakin gashina santsi, amma iyakarsa bakin gashin.

Maman 'Yan Biyu

Hajiya kin tuna min. Ɗana ya fito da wani zagayayyen tabo a ka, gashin wurin ya kakkarye, na yi ta shafa masa man darbejiya sati uku. Ashe makero ne, har ya shafa wa ɗan uwansa don mataji ɗaya suke amfani da shi. A asibiti aka ce na fatar kai sai da maganin sha, shafawa kaɗai ba ta kai wa tushen gashin. Kuma aka ja min kunne in ɗauke man darbejiyar daga inda hannun yaro zai kai, don shansa haɗari ne gare su.

Baban Sadik

Salamu alaikum iyayenmu mata, a yi min afuwa na kutso cikin zancenku. Sanƙo ne ya fara min sallama ta tsakiyar kai, na ji ana ta yabon man rozmeri. Na samo wata 'yar ƙaramar kwalba mai bakin ɗigo, na zuba kai tsaye kamar yadda ake zuba man zaitun. Kafin minti goma kaina ya ɗauki zafi kamar an watsa min barkono, washegari wurin ya yi ja ya ɗan tasa. Ashe irin wannan ba mai ba ne kamar sauran, tataccen ruhin ganye ne da ake fitarwa da tururi, dole a tsarma shi. Yanzu ɗigo biyu zuwa uku nake sakawa cikin ƙaramin cokali ɗaya na man hohoba.

Na je na karanta binciken da ake ta kafa hujja da shi. A Iran aka yi shi, aka wallafa a 2015, mutum 100 masu sanƙon gado, rabi suka shafa rozmeri rabi suka shafa maganin sanƙon nan da ake kira minoksidil, mai ƙarfin kashi 2 cikin ɗari. A wata uku babu ɓangaren da ya ga canji, a wata shida duka biyun sun samu ƙarin gashi kusan daidai. Bincike ɗaya ne, mutanen ba su da yawa, kuma minoksidil ɗin mai rauni aka gwada da shi, ba mai kashi 5 da maza suka fi shafawa ba. Ni wata biyar ke nan. Uwargida ta ce wurin ya ɗan yi duhu, ni kuma in na ɗauki hoto da waya ban ga abin da zan rantse a kai ba.

Rukayya

Malam sannu da ƙuna. Ka yi dabara da ka zaɓi hohoba. A kwalba jojoba ake rubutawa. Asalinsa ma kakin zuma ya fi kama da shi a tsari, sai dai ruwa-ruwa ne, daga 'ya'yan wani tsiro na hamadar kudu maso yammacin Amurka da arewacin Meziko. Ya yi kusa da maiƙon da fatar mutum ke fitarwa, ba shi da nauyi kuma ba ya saurin lalacewa. Duk wanda zai gwada sabon mai, ya ɗan shafa a bayan kunne ko cikin gwiwar hannu ya jira kwana biyu tukuna.

Ummi

Ni man zurma na zo karewa, sai dai da na zauna rubutawa na ga ban da hujja. Wata uku bayan haihuwata gashina ya yi ta zuba, in na yi wanka sai na tsince shi a magudana. Na kama man zurma, irin baƙin nan na Jamaika da ake gasa 'ya'yan kafin a matse. Kullum ina shafawa a gaban goshi. Wajen wata na tara sai ga ƙananan gashi sun fito tsaye-tsaye, na yi ta ba mutane labari. Da na sake haihuwa ban shafa komai ba don rainon ya sha kaina, gashin ya zuba a lokacin da ya zuba wancan karo, ya kuma dawo a lokacin da ya dawo. Ungozoma ta ce min haka jiki ke yi, lokacin ciki gashin da ya kamata ya faɗi yana tsayawa, bayan haihuwa sai ya faɗi gaba ɗaya.

Abin da zan iya shaida a kai: yana da kauri kamar zuma, yana riƙe laima a bakin gashi, yana sa shi sheƙi. In kin shafa shi zalla wanke shi aiki ne, sai na yi shamfu sau uku. Yanzu kashi ɗaya nake haɗawa da kashi uku na man riɗi.

Anti Balaraba

Ummi Allah ya yi miki albarka da wannan gaskiyar. Gashi kusan santimita ɗaya yake ƙaruwa a wata, ko kin shafa ko ba ki shafa ba. Mai tsawon gashi ita ce wadda bakin nata bai karye ba. Kuma masu kukan gaban goshi, ku duba kitson da ake ja muku har gira ta ɗaga. Na ga wadda ta ƙarar da kwalba uku a goshi tana komawa wurin mai kitson nan duk sati biyu.

Fa'iza

Nawa ɗan gajere ne, kan man argan. Na daɗe ina shafa wani da aka rubuta argan da manyan baƙaƙe a gaba, gashina sai santsi yake kamar siliki, ina ta murna. Ranar nan na juya kwalbar na karanta jerin abin da ke ciki. Ana jera su ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, na farko da na biyu duk silikon ne, wani sinadarin masana'anta mai sa santsi, argan yana can ƙasa kusa da turare. Santsin na silikon ne ashe. Ba na ce yana da illa ba, amma ba shi na yi niyyar saya ba. Itacen argan a kudu maso yammacin Maroko yake fitowa, ana fasa ƙwallon a ciro ƙwayar a matse, aiki ne mai cin lokaci, shi ya sa ake yawan gauraya shi. Na gaskiyar in kin juya kwalba abu ɗaya za ki gani a rubuce, sunan itacen, Argania spinosa. Da na samu irinsa na ga bai kai wancan santsi ba, amma ba ya taruwa a gashi, ɗigo uku sun ishe ni.

Maman Ilham

Na dawo da rahoto bayan sati shida. Anti Balaraba, na yi gwajin farar takarda a ranar, kusan duka gutsattsari ne, masu farin ɗigo ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Na shinshina kwalaben nan bakwai ɗaya bayan ɗaya, biyu sun yi wari irin na tsohon fenti saboda rana na dukansu ta taga, na zubar. Masu hoton ganyen na juya bayansu kamar yadda Fa'iza ta ce, man ma'adinai ne a sahun farko. Yanzu kwakwa a daren wanki, ruwa sannan kaɗanya bayan wanki irin na Zainabu, sauran na sa su a durowa inda babu haske. Matajin bai daina kamawa ba amma ya ragu sosai, kuma na koma tajewa da yatsu kafin in sa mataji. Habbatus saudar ce har yanzu ban san inda zan sa ta ba, ƙamshinta ya yi min ƙarfi a ka. Akwai wadda ta riƙe ta wata uku?