Gwajin Tarin Fuka a Ɗan Faifai: Me Ya Sa Yake Sauri Haka?

Ɗan Agege: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena da ke dako a kasuwar Mile 12 ya daɗe yana tari, aka karɓi kakinsa da safe, kafin la'asar aka tabbatar masa tarin fuka ne. A da na san ana jiran makonni. Shin wannan gwajin abin dogaro ne, ko gaggawa ce kawai?

Ma'aikaciyar Gwaje-gwaje, Yaba: Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya ba shi lafiya. Jiran makonni na tsohuwar hanya ce, wadda ake renon ƙwayar cutar har ta yaɗu, ita kuwa ƙwayar tarin fuka jinkirin girma gare ta. Sabon gwajin, wato PCR, ƙwayoyin halittar cutar yake nema, yana ninka su har na'ura ta iya ganinsu. Ana ɗaga zafi zuwa kusan digiri 95, a sauke shi zuwa wajen 60, a maimaita sau 30 zuwa 40, kowane zagaye yana ninka abin da ke ciki sau biyu. A cikin wani ɗan faifai da ake saka wa na'urar ake yin wannan aiki, sirrinsa kuwa shi ne ƙanƙantar ruwan da ake dumamawa a ciki, saboda haka nan da nan yake ɗaukar zafi ya kuma huce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da gwajin na'urar GeneXpert, mai aiki da wannan hanya, tun 2010. Cikin kimanin awa biyu yana nuna cutar, har ma ya faɗa ko ta bijire wa rifampicin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tarin fuka.

Baban Hauwa, Idi-Araba: Hajiya ta yi bayani, sai dai a Legas ba na'urar ce ke ɓata lokaci ba. GeneXpert tana buƙatar tsayayyiyar wuta da ɗaki mai sanyi, sannan samfurin da aka ɗauko daga nesa yakan kwana a cunkoson hanya. Shi ya sa na fi ganin amfanin na'urar Truenat, ƙirar Indiya, wadda hukumar ta amince da ita a 2020, domin da batir take aiki, ana iya ajiye ta a ƙaramin asibitin unguwa.

Ma'aikaciyar Gwaje-gwaje, Yaba: Gaskiya ne, Baba. Malam, ka tabbata ya sha maganin watanni shidan nan cur ba fashi, kuma a kai mutanen ɗakinsu su ma a duba su.