Mai Nazarin Kafofin Sadarwa Daktan Adabi Ne?

Tsohon Malami: Ni dai magana ɗaya ce da ni, wanda zai ji haushi ya ji. Mutumin da ya shiga sashen adabi ya yi digiri na uku, amma kundinsa tun daga farko har ƙarshe zancen maɗaba'a ne da rediyo da manhajar waya, ba daktan adabi ba ne. Ya tafi sashen aikin jarida su ba shi takardarsa. An kawo mini wani kundi in duba, na karanta shi kaf, ban ga inda aka zauna aka feɗe baiti ko guda ba. "Ilimi" da "iko" da "kafa" kawai ake ta juyawa.

Ɗalibar Dakta: Allah ya gafarta Malam, a yi mini afuwa, amma baitin da za a feɗe ta wace hanya ya iso gare mu? Milman Parry malamin adabin Girka ne, waƙoƙin Homer, mawaƙin Girka na zamanin dā, yake nazari. Tambayarsa ita ce, yaya mawaƙi zai riƙe dubban layuka ba tare da takarda ba? Bai sami amsa a laburare ba. Tsakanin 1933 da 1935 ya tafi tsohuwar Yugoslabiya wurin mawaƙan baka. Na'urar da ya ɗauki muryoyinsu da ita tana da mazaunin faifai biyu: wannan na cika sai a murɗa zuwa wancan, don kada a ce wa mawaƙi ya dakata. Wani mawaƙi mai suna Avdo Međedović ya ba shi waƙa mai layi fiye da 12,000. Daga nan aka ga yadda mawaƙi ke gina waƙa a lokacin rerawa da jimlolin da ya saba da su, ba haddar kalma da kalma yake yi ba. Ɗalibinsa Albert Lord ya fitar da sakamakon a 1960. To Malam, wannan aikin adabi ne ko na jarida?

Tsohon Malami: Ai kin kawo mini shaida ne, 'yata. Parry ya san Girkanci, ya riga ya ƙirga kirarin jarumai da alloli a cikin Homer a kundinsa na 1928, kafin ya taɓa wata na'ura. Na'urar bawan matani ce a wurinsa. Naku kuwa matanin ne ya koma bawa.

Ma'aikacin Laburare: Ranka ya daɗe, bari in sa baki daga ɓangaren da nake aiki. Littafin da ɗalibi ya ɗauka a kan kanta yau, sau da yawa ba a haka ya fara fitowa ba. Labarin marubucin Ingila Charles Dickens na farko, The Pickwick Papers, wata-wata aka riƙa sayar da shi a Ingila daga 1836 zuwa 1837, sule ɗaya kowane kashi. Marubucin da ya san dole mai karatu ya sake ciro sule wata mai zuwa, ya san inda zai yanke labari. Wanda ya karanta shi dunƙule ya ce zai yi bayanin tsarin babi-babinsa bai san wannan ba, rabin bayani ya yi.

Mai Shakka: Duk na ji. Amma abin da ke damuna daban ne. Wannan fage yana da son manyan maganganu. Masanin sadarwa Marshall McLuhan ya ce a 1964 kafar sadarwa ita kanta ce saƙon. Jack Goody da Ian Watt a 1963, sannan Walter Ong a 1982, suka nuna kamar rubutu shi ke sauya yadda ƙwaƙwalwa ke tunani. Daɗin faɗa. Sai Sylvia Scribner da Michael Cole suka je wurin mutanen Vai a Laberiya, inda akwai masu rubutu da harafin Vai da suka koya a gida, da masu karatun Larabci, da waɗanda suka yi makarantar Turanci. Suka gwada su, suka buga a 1981. Abin da ake jingina wa rubutu, yawancinsa zaman makaranta ne ke kawo shi; kowane irin rubutu kuma ƙwarewar da ta dace da amfaninsa yake bayarwa. Yanzu ku buɗe kundin ɗalibai, za ku ga Ong a babi na biyu ana ɗaukarsa tamkar ba a taɓa musa masa ba.

Ɗalibar Dakta: Amma Malam Mai Shakka, wa ya musa masa? Ba 'yan fagen ba ne? Ruth Finnegan ta daɗe tana cewa babu wata katanga tsakanin baka da rubutu. Elizabeth Eisenstein ta ce a 1979 ɗab'i ne ya tsayar da matani wuri ɗaya har ilimi ya iya taruwa, Adrian Johns ya zo a 1998 ya nuna cewa littattafan farko cike suke da kurakurai da satar bugu, mutane ne suka sha wahala kafin a yarda da abin da aka buga. Fagen da ke gyara kansa haka ba fagen wasa ba ne. Raggon ɗalibi kuwa ko ina akwai shi.

Tsohon Malami: Akwai shi, amma a nan ya fi samun maɓoya. Taura biyu ba sa taunuwa. Shekara uku ko huɗu ake ba ku. A ciki za ki ƙware a adabi, ki ƙware a tarihin fasaha, ki iya hira da jama'a irin ta masu nazarin zamantakewa? Ranar kare kundi, mai jarrabawa na waje daga adabi zai ce wancan ɓangaren ba nawa ba ne, na sadarwa ma ya ce haka. Sai kundi ya wuce ta tsakiya ba wanda ya tare shi.

Malamar Nazarin Al'adu: Wannan kam gaskiya ce, Malam, na zauna a irin wannan zama. Sai dai ka tuna cibiyar nazarin al'adu ta Jami'ar Birmingham da Richard Hoggart ya kafa a 1964, wadda Stuart Hall ya gaje shi a shugabancinta, daga sashen adabin Turanci ta fito. Hoggart bai ce a daina karatun ƙwaƙwaf ba. Cewa ya yi a kai shi kan mujallu da waƙoƙin da ma'aikata ke saurare. Ni sharaɗina ga ɗalibaina ke nan: duk abin da ka ce kafa ta yi, nuna mini shi a cikin jimla. Idan ka ce labarin da ake sakewa kashi-kashi a waya ya bambanta da na littafi, kawo kashi biyu, nuna inda aka yanke, nuna abin da masu karatu suka rubuta a ƙasa, nuna inda marubuciya ta karkata labarin bayan ta gani. In ba ka iya ba, ra'i kawai ka haddace.

Ma'aikacin Laburare: Malama, sai ki ƙara masu da adanawa. A 2009 Yahoo ta rufe GeoCities, dandalin da mutane ke buɗe shafukansu na intanet, shafukan mutane masu ɗimbin yawa suka tafi, sai abin da masu sa kai da ma'ajiyar intanet ta Internet Archive suka yi saurin kwafewa. Faifan Parry har yau suna Jami'ar Harvard, mai shakka zai iya zuwa ya saurara. Ɗalibin da hujjarsa ke zaune a kamfanin wani, ranar da aka goge ta me zai nuna wa mai jarrabawa?

Mai Shakka: Hoton fuskar waya, mana. Wanda shi kansa ba a san ranar ɗaukarsa ba.

Ɗalibar Dakta: Ina adana nawa da kwanan wata da adireshin shafi, kuma ina neman izinin marubuta kafin in ambaci kowa. Abin da ban yarda da shi ba har yanzu, Malam, shi ne batun a tura mu wani sashe. Can za su tambaye ni mutum nawa suka karanta. Ni kuwa tambayata me ya sa aka yanke jimlar a nan ba can ba.

Tsohon Malami: To wannan tambayar tamu ce, ban musa ba. Amma ban janye ba. Turo mini babin da kika feɗe matani a ciki, ba babin ra'i ba. Shafi nawa ne?

Ɗalibar Dakta: Ban kammala shi ba tukuna, Allah ya gafarta Malam. Na ra'in ne ya kammalu.

Tsohon Malami: Uhm.