Neman shawara: ajin Turanci na manya 'yan gudun hijira a Agege

Malama daga Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata ƙungiyar agaji ta damƙa mini ajin Turanci na manya 'yan gudun hijira a nan Agege, Talata da Alhamis, awa biyu-biyu. Mutum 24 ne a rajista. Yawancinsu 'yan Afirka ta Tsakiya ne da rikicin 2013 ya koro, akwai 'yan Kwango, sai 'yan Sudan kaɗan da suka iso bayan yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023. Wasu sun yi boko da Faransanci har sakandare, wasu karatunsu na Larabci ne, wasu ko fensir ba su taɓa riƙewa ba. Ni NCE gare ni, yara na saba koyarwa, kuma littafin 'yan aji ɗaya na firamare aka ba ni. Masu karatun suna ta hamma, marasa karatun sun koma baya sun yi tsit, ga shi kullum sai na ga sababbin fuskoki, na ranar nan kuma ba su zo ba. Ta ina zan kama?

Malamin yaƙi da jahilci, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri. Aji uku ne aka haɗa miki a ɗaki guda, sai kin raba su kafin komai ya tafi daidai. Kada ki raba su da yawan Turancin da ke bakinsu, ki raba su da abin da hannunsu ya iya. Mai sayar da kaya a bakin titi zai iya zuba miki magana amma bai iya rubuta sunansa ba, wanda ya yi sakandare a Bangui, babban birnin Afirka ta Tsakiya, kuma zai karanta miki shafi guda bai iya tambayar kuɗin mota ba.

Ki ware zama ɗaya ki gwada su ɗaya bayan ɗaya, minti biyar ya isa kowa. Ki yi masa tambaya uku da baki: sunansa, unguwar da yake, sana'arsa. Ki miƙa masa fensir ya rubuta sunansa da lambar wayarsa da kowane irin rubutu ya iya. Sannan ki nuna masa gajeriyar jimla cikin Faransanci ko Larabci ya karanta. Ki lura da yadda ya riƙe fensirin da gefen takardar da ya fara. Daga nan za ki samu rukuni uku: masu rubutun boko, masu rubutun Larabci ko ajami, da waɗanda ba su da ko ɗaya.

Awa ta farko kowa tare, magana zalla. Awa ta biyu kowane rukuni da teburinsa. Ki fi zama da marasa rubutu, su ne ba za su iya motsawa ba sai da ke. Masu boko ki ba su aiki a takarda su yi bibbiyu.

Wajen marasa rubutu, ki bar rera ABCD. Sunan harafi daban, sautinsa daban, kuma da sauti ake karatu. Turanci haruffa 26 gare shi amma sautukansa sun kai wajen 44, shi ya sa yake wahalar da mai koyo. Ki fara da s, a, t, p, i, n, ƙananan baƙaƙe, biyu ko uku a mako, domin da waɗannan shida kaɗai za su haɗa "sit", "pin", "tap" tun a makonnin farko. Ki saya musu littafin rubutu mai jan layi da shuɗi irin na 'yan nazare, da fensir da abin gogewa, ban da biro. Babban mutum ba ya son kuskurensa ya zauna a takarda kowa na gani.

Hajiya mai horar da malamai, Mile 12:
Ƙanwata, littafin firamaren nan ki sa shi a durowa. Uwar 'ya'ya shida ba ta baro sana'arta ta biya kuɗin danfo don ta ji labarin kyanwa da ƙwallo ba. Ki tambaye su inda rashin Turanci ya fi ba su wuya. Ki zana ko ki liƙa hotuna a allo: asibiti, kasuwa, mota, banki, makarantar yara, mai gidan haya, ofishin hukumar 'yan gudun hijira ta NCFRMI, kowa ya zo ya sa alama a guda biyu. Wanda ya fi samun alama da shi za ki fara.

Ga yadda za ki kasa awar maganar. Minti 10 bitar darasin baya. Minti 15 sababbin kalmomi, takwas zuwa goma, kada su wuce haka, kuma da kayan gaske a hannu: kwalin magani, katin asibiti, takardun kuɗi, rasit na POS. Minti 20 gajeriyar hira mai layi huɗu zuwa shida, ki faɗa su maimaita gaba ɗaya, sannan rabin aji da rabin aji, sannan bibbiyu. Minti 15 na ƙarshe a buga wasa, wannan nas, wannan mara lafiya. In kin ga bakinki ya fi nasu motsi a awar nan, darasin ya karkace.

Lamba ki ba ta haƙƙinta, a nan ake cutarsu. Kunnen mai koyo ba ya raba "thirteen" da "thirty", ko "fifteen" da "fifty", saboda bambancin yana wajen da aka danna murya ne, na farko a ƙarshe, na biyu a farko. Ki riƙa tafa hannu a gaɓar da aka danna. Ki kuma koya musu yadda ake faɗin kuɗi a Legas, domin kwandasta ba zai ce "one thousand five hundred naira" ba, "one five" zai ce, mai shago kuma in dubu biyu ne sai ya ce "two k". Ki riƙa karanto lambar waya da lambar asusu suna rubutawa, minti biyar a kowane zama.

Sai fom. Ki zana irin na asibiti ki yi fotokwafi 50, a riƙa cikewa har ya zama jiki. Inda suke tuntuɓe: bambancin sunan mahaifi ko na iyali da sunan yanka, rubutu da manyan baƙaƙe harafi ɗaya a kowane akwati, da jerin rana, wata, shekara. Abu mafi muhimmanci, kowa ya rubuta sunansa harafi da harafi kamar yadda yake a katinsa na gudun hijira. Wanda katinsa ya ce Mahamat ko Ousmane kada ki gyara masa zuwa Muhammad ko Usman, saɓanin harafi ɗaya yana iya tsayar masa da takarda a banki.

Wani ɗan uwa, Alaba Rago:
Ni dai a ganina Turancin buroka ya kamata a fara koya musu. Shi ake yi a mota da kasuwa, kuma ya fi saurin shiga.

Hajiya mai horar da malamai, Mile 12:
Alhaji, buroka titi zai koya musu kyauta, ba sai an ɓata awa huɗun mako a kansa ba. Abin da titi ba zai ba su ba shi ne Turancin fom da na likita da na takardar makarantar yara. Amma kana da gaskiya ta wani gefen: kada Malama ta ce musu buroka kuskure ne. Ta raba allo biyu, gefe guda "Wetin be your name?", ɗaya gefen "What is your name?", ta ce wannan na tasha ne, wannan na ofis. Su san duka biyun, su san inda ake shiga da kowanne.

Malama daga Agege:
Na gode ƙwarai Baba Malam, na gode Hajiya. Wasu daga cikin 'yan Afirka ta Tsakiyan suna jin Hausa da Fillanci. In riƙa fassara musu, ko in hana kowane yare sai Turanci?

Malamin harsuna, Obalende:
Kada ki hana, Malama, amma ki sa masa iyaka. Bayanin abin da za a yi, ki yi shi da Hausa cikin daƙiƙa talatin, wani ya juya wa 'yan Kwango da Faransanci, wani ya juya wa 'yan Sudan da Larabci, sannan atisayen kansa Turanci zalla. Hatsarin shi ne ki saki jiki da Hausa don ta fi miki sauƙi, sai ajin ya zama na masu jin Hausa, sauran su zama 'yan kallo.

Kowane rukuni da irin tuntuɓensa, kuma daga harshen baya yake tasowa. Masu Faransanci suna haɗiye h a farkon kalma, sannan su ce "I have thirty years" domin haka ake faɗin shekaru a Faransanci. Za su riƙa karanta kalmomi irin "table" da "station" da lafazin can, amma wannan riba ce, sun riga sun san ma'anar, lafazi kawai za ki gyara. Masu Larabci ba su da p, sai su mai da ita b. Ki ba su 'yar takarda su riƙe a gaban baki: in an faɗi p daidai takardar za ta motsa, in b ce ba za ta motsa ba. Suna kuma tsallake wasula a rubutu, su rubuta "mrkt", saboda Larabci ba ya rubuta gajerun wasula a rubutun yau da kullum. Ki sa ɗigon ja a hagun kowane layi don su san inda za su fara. Masu Hausa kuwa kin san namu, p da f ne ke cakuɗewa.

Kada ki tare mutum yana tsakiyar magana. In an fahimci nufinsa, ki bari ya kai aya, ki maimaita jimlar daidai kamar kina amsa masa. Kuskure ɗaya ko biyu kawai za ki ɗauka ki kai allo a ƙarshe, ba tare da kin ce na wane ne ba.

Ma'aikaciyar jin ƙai, Ijora:
Anti, darasin "iyalina" da ke farkon kusan kowane littafi ki yi hattara da shi. Tambayar 'ya'yanki nawa, ina mijinki, a wajen wadda ta baro gawa a hanya ba atisaye ba ce. Ki yanko hoton wani iyali daga jarida, a sa musu sunaye, a yi darasin a kansu. Kada ki tambayi kowa dalilin barin ƙasarsa. In wani ya fara da kansa, ki saurara, kada ki tona, bayan aji ki haɗa shi da jami'in ƙungiyar da ke kula da wannan. Wanda ya tashi ya fita ba sallama, ki ƙyale shi, ƙofa ta zauna a buɗe.

Ban da ɗaukar hoto ko sa fuskarsu a Facebook sai da yardar mutum a fili, wasu suna da dalilin ɓuya. Rajistar aji ta tsaya a suna da lambar waya. In an kawo miki maganar takardu ko ta tafiya wata ƙasa, ki tura su NCFRMI ko UNHCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kada ki yi alkawari ko hasashe. Ki kuma bar hirar siyasa da addini a waje, mai yiwuwa ne a benci ɗaya akwai mutanen ɓangarori biyu na rikici guda.

Malamin yaƙi da jahilci, Idi-Araba:
Na manta da maganar fashi. Ba lalaci ba ne, Malama, kuɗin mota ne da neman abinci da rainon yara, in damina ta kankama a Yuni da Yuli kuma ruwa ya tare hanya. Ki sa kowane darasi ya tsaya da ƙafarsa, wanda bai zo Talata ba ya iya bin na Alhamis. Sababbin shiga a karɓe su makon farko na wata kawai. Ki roƙi ƙungiyar kuɗin mota da tabarma a gefe da mai kula da yara, waɗannan sun fi sabon littafi riƙe ɗalibi. Bayan kowane zama ki tura hirar ranar a WhatsApp da murya, kada ta wuce minti ɗaya saboda data.

Waɗanda suka haura shekara 40 in kin ga suna nesanta takarda da ido, tabarau suke buƙata, ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba. Ki buga takardunki da haruffa masu girma, lamba 18 ko 20 a kwamfuta.

Ki kuma gaya wa ƙungiyar gaskiyar lokaci tun yanzu. Ƙiyasin da aka saba shi ne awa 90 zuwa 100 na darasi kafin a kai matakin farko, wato A1. A awa huɗu a mako, wajen wata shida ke nan ga mai boko da ba ya fashi. Marasa rubutu za su ɗauki fiye da haka nesa ba kusa ba, don haka a auna su da abin da suka iya yi: ya rubuta sunansa, ya karanta farashi, ya cike fom, ya gaya wa nas inda ke masa ciwo. Ki buɗe wa kowa shafi, ki riƙa sa kwanan wata a gaban duk abin da ya iya.