Hoton haƙori: abin da aka tsayar a tattaunawa

A wata tattaunawa kan haɗarin hoton haƙori na X-ray, yawancin masu magana sun yarda cewa hasken radiyeshan da ƙaramin hoton haƙori ke sakawa jiki kaɗan ne, kusan maikurosibat 5 (ma'aunin yawan hasken da jiki ya sha), bai kai abin da mutum ke sha daga ƙasa da sararin sama a yini guda ba. Duk da haka kada a ɗauki hoton sai likita ya duba baki ya ga dalili. Na'urar CBCT kuwa, mai ɗaukar hoton haƙora da muƙamuƙi ta kowane ɓangare (3D), haskenta ya fi yawa nesa ba kusa ba, shi ya sa ake taka-tsantsan da yara.

Inda aka fi jan kunne shi ne ma'aikata: a tsaya bayan katanga ko a ja baya mita 2, kuma kada a riƙe fim da hannu a bakin majiyyaci, ko da ana sauri. Majiyyaciya mai juna biyu kuma ta faɗa tun kafin a fara.