Kajin Yundum: Sata Ce Ko Asara?

Baban Ummi: Jama'a, yau wani ya ɓata min rai, wai da Turawa ba su tafi ba da tuni mun wuce nan. Ku dubi Gambiya, ƙasar da ba ta kai jihar Kano faɗi ba. A 1948 CDC, wato hukumar Ingila mai raya ƙasashen da take wa mulkin mallaka, ta share daji a Yundum, kusa da filin jirgin saman Banjul, wai za a riƙa kai wa Ingila ƙwai miliyan 20 duk shekara. Aka ɗauko wani Ba'amurke, Millard Phillips, aka damƙa masa aikin. Hatsin da aka shuka don abincin kajin ya ƙi, cuta ta afka musu, a 1951 aka tattara aka rufe. Fam sama da 800,000 ya salwanta, ƙwan da ya isa Ingila bai kai 40,000 ba. In wannan ba sata ba ce, mece ce?

Malam Ɗan Zariya: Yallaɓai, a gyara harshe. Sata sai an kama wani ya sa a aljihu. Wannan asara ce.

Baban Ummi: Malam, da gwamnanmu ne ya yi haka, asara za ka ce?

Ɗan Zariya: Kuɗin ma na baitulmalin Ingila ne. Su suka ci kansu, kai mene ne naka?

Ɗan Neja: Filin fa? Dajin da aka sare na kakan Bature ne? Sata ce tsagwaronta. Mu ma sun yi mana a Mokwa, CDC ɗin nan dai, aikin noma ya watse.

Maman Kaji: Ni dai duk wanda ya tara kaji bai tanadi abincinsu ba, ya ci amanar kajin. Ku da ba ku taɓa tashi da asuba kun tarar da su sun yi jugum, fukafukai a ƙasa, kashi fari-fari ba, ku yi shiru. Yanzu buhun abinci nawa ne?

Ɗan Neja: Hajiya, talla kika zo yi?

Maman Kaji: Yaro, na haife ka. Kula da bakinka.

Ɗan Zariya: Ƙyale shi Hajiya, shi ne ranar nan yake cewa kajin gidan gona ba su da ɗanɗano.

Ɗan Neja: Har gobe kazar Hausa ce kaza.

Baban Ummi: Wai ina maganar Gambiyar?

Shugaban Zaure: To, a taƙaice dai, kowa ya yarda sata ce, in ban da Malam da ya saba kare Turawa. Maganar kazar Hausa kuma Ɗan Neja ya fi gaskiya.

Maman Kaji: Kowa? Yaushe ka tambaye ni?